Tambayi Bakanike: Ƙas-ƙas a Injin A-kori-kura, Maganin Kwalba Zai Kashe Ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Oga. Ina da a-kori-kura mai injin fetur, silinda takwas, ta ci kilomita 240,000 da 'yan kai. Wata biyu ke nan injin ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki, daga sama take fitowa ta ɓangaren direba. Da farko da safe kawai nake jin ta, mota na ɗumama sai ta ɗauke. Yanzu takan kai minti goma, wani lokacin ma ta dawo in na tsaya a sulo. Fitilar mai ba ta kamawa, ƙarfin mota bai ragu ba. Ba zan ɓoye maka ba, na sha wuce lokacin juyen baƙin mai. Wani abokina ya ce in zuba maganin wanke inji cikin baƙin mai, ƙarar za ta tafi. Wani kuma ya ce kada in kuskura, maganin kashe inji yake yi. Wa zan bi? Daga mai karatu, direban motar kansa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na gode da ba ka ɓoye min maganar juye ba, don da ita za mu yi aiki. Abokan nan naka biyu babu wanda ya yi maka ƙarya. Na farko ya ga injin da aka zuba wa magani ya yi shiru, na biyu ya ga wanda aka zuba wa ya buga. Ni na ga duka biyun, ɗaya ma da hannuna na jawo shi, zan ba ka labarin in mun zo wurin. Ƙas-ƙas tana da iyaye da yawa, kuma guda ɗaya tak maganin kwalba yake iya taɓawa, wato tafet ɗin da datti ya liƙe. Kafin ka buɗe murfin kwalba, sai mun tabbatar naka ɗin shi ne.

Bari in buɗe maka cikin tafet da baki. A irin injinka kamshaf, wani sandan ƙarfe mai tozaye, yana kwance a tsakiyar bulok yana juyawa. Tozonsa ya ɗaga tafet, tafet ya tura sanda, sanda ta tura roka, roka ta danna bawul ya buɗe. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, saboda haka dole a sami abin da zai riƙa kula da 'yar ratar da ke tsakanin waɗannan sassa. A tsofaffin injuna bakanike ne ke saita ratar da sifana da fila geji, wato siraran fallayen ƙarfe na auna rata. A naka, tafet ɗin ne ke saita kansa da baƙin mai. Girmansa bai wuce babban yatsanka ba. A cikinsa akwai ɗan fistin, a ƙarƙashin fistin akwai sifirin da wani ɗan ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar boris ɗin keke. Mai ya shigo ta wata 'yar huda a gefe, ƙwallon ya rufe ƙofa, man ya rasa hanyar fita. Tunda mai ba ya matsuwa, sai tafet ya zama tamkar dunƙulen ƙarfe, rata ta ɓace, inji ya yi shiru. Tsohuwar dabara ce, tun 1930 kamfanin Cadillac ya sa irinta a injinsa mai silinda 16.

To ina datti ya shigo? Man da ya wuce wa'adinsa yana barin ƙazanta iri biyu. Akwai shafe mai launin ƙasa-ƙasa da ke manne wa ƙarfe kamar an yi masa fenti, akwai kuma baƙin laka mai kama da kwalta. Ratar da ke tsakanin ɗan fistin da jikin tafet ba ta kai kaurin silin gashi ba, ko kusa. Shafen nan kaɗan ya isa ya riƙe fistin ɗin a ƙasa. Ko kuma ɗan ɓurɓushi ya zauna ƙarƙashin ƙwallon, ƙofa ta ƙi rufuwa, man ya riƙa zurarewa. Ko hudar gefe ta toshe rabi. Duk wanda ya faru, tafet ya yi laushi, rata ta buɗe, roka ta riƙa dukan kan bawul. Dukan nan ne kake ji.

Yanzu sai bincike, kuma mafi yawansa kai da kanka za ka iya.

Fara da gejin mai, a wuri mai daidai, bayan inji ya huta minti goma. In mai ya yi ƙasa, famfo yana zuƙo iska tare da shi, iska kuwa tana matsuwa, tafet ba zai yi tauri ba. In ya haura layin sama, kiranshaf, babban sandan da ke juyawa a ƙasan inji, yana kaɗa shi ya yi kumfa, matsala ɗaya ce. Shinshina gejin. In ka ji warin fetur sosai, man ya tsinke, sai an nemo inda fetur ke sauka ciki. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na kashe ƙas-ƙas da rage lita guda daga injin da mai shi ya cika masa mai don ƙauna.

Sannan ka saurari saurin ƙarar. Kamshaf yana juyi ɗaya a duk juyi biyu na kiranshaf. In injinka yana sulo a 600 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 300, wato sau biyar a daƙiƙa. Ƙarar tafet guda kana iya binta da yatsa a kan bonet. Siririya ce, busasshiya, tana ƙara sauri in ka taka totur amma ba ta ƙara nauyi.

Ɗauki doguwar sukudireba, ka ɗora bakinta a kan murfin bawul, ka kafa kunnenka a ƙotar. Naɗe hannun riga tukuna, ka yi nesa da fanka da fanbel, don ba su san mai mota ba. Bi murfin daga gaba zuwa baya. Inda tafet ɗin yake za ka ji kamar ana ƙwanƙwasa maka ƙashin kunne. Ɗora a kan nozul ɗin fetur ma. Su ma suna tik-tik, kuma aikinsu ke nan, lafiyarsu ƙalau. Nasu duka ɗaya ne, kowane silinda da irin nasa, ba a raba su da shi.

Ga wanda ya fi yaudarar mutane, kuma a wasiƙarka akwai abin da ya sa ba zan tsallake shi ba. Ka ce ƙarar ta fara ne da safe kawai, tana ɗaukewa in mota ta ɗumama. Haka manifol ɗin salansa, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga jikin inji, yake yi in ƙusarsa ta karye ko gaskit ɗinsa ya ƙone. Da sanyi akwai 'yar kafa tsakaninsa da tof silinda, hayaƙi yana fita da ƙarfi, fit-fit-fit, kunnen da bai saba ba zai rantse tafet ne. In ƙarfe ya ji zafi ya kumbura, kafar ta rufe. Injunan a-kori-kura masu silinda takwas sun yi suna da wannan, musamman ƙusoshin can baya kusa da jikin mota, inda ido ba ya kaiwa. Da safe, kafin ka tayar, haska tocila ka ƙirga kawunan ƙusoshin. Nemi baƙin tabo na hayaƙi a gefen manifol. An taɓa kawo min wata mota da ta sha kwalba huɗu na magani iri daban-daban a wata uku. Na zura hannu can baya, sai ga kan ƙusa ya biyo yatsana. Mai motar ya daɗe yana kallon guntun ƙarfen a tafin hannuna bai ce komai ba. Ka duba fulogi ma, wanda ya kwance yakan yi irin wannan ƙarar.

Akwai kuma ƙarar da ba ta jiran shawarar kowa. In daga ƙasa take, mai nauyi, gwaf-gwaf kamar ana dukan bulok da guduma, tana ƙaruwa in mota ta ɗau kaya ko tana hawan tudu, wannan metal ne, wato 'yar shimfiɗar ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a cikinta. Kashe inji. Maganin wanki a nan ƙara tsinka man zai yi, ya gaggauta abin da kake tsoro.

Maganar fitilar mai da ka ce ba ta kamawa, kada ta kwantar maka da hankali. A yawancin motoci sai matsin mai ya faɗi ƙasa da psi 7 (psi ma'aunin matsi ne) ko makamancin haka take kamawa, lokacin kuwa aikin gama ya gama. Ka sa bakanike ya cire suwic ɗin mai ya ɗaura geji na gaske, inji da zafinsa. Tsohuwar ƙa'idar gareji ita ce aƙalla psi 10 ga kowane juyi 1,000 a minti, amma littafin injinka ya fi ni sani. Abin da ya sa na dage a kan wannan shi ne ka ce ƙarar tana dawowa a sulo bayan inji ya yi zafi. Lokacin ne mai ya fi tsinkewa, famfo kuma yake juyi a hankali. In matsin ya yi ƙasa, to tafet yunwa yake ji, laifin yana wurin famfo, ko rariyar da ke bakin bututun zuƙar mai, ko metal da ya buɗe. Sau da yawa tafet ne ke fara kuka.

Abu biyu suka rage. Buɗe murfin zuba mai ka haska ciki. In ƙarfe kake gani mai launin ƙasa-ƙasa, alhamdu lillahi. In laka kake gani har tana dunƙulewa a bayan murfin, ka riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa. Sannan in an cire tsohuwar filta kada a jefar. A yanka gwangwanin, amma ba da zarto ba, don garinsa zai ruɗe ka. A warware takardar a rana. In tana ƙyalli da garin ƙarfe, a kai mayen ƙarfe kusa. In garin ya bi shi, to wani abu na ƙarfe yana cinyewa, galibi tozon kamshaf ko 'yar tayar da ke ƙasan tafet. Babu kwalbar da ke mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi.

In duk wannan ya fita lafiya, matsi daidai, filta tsaf, manifol ba ya huci, ƙara daga wuri guda a sama, to Malam, kai ne mutumin da aka yi maganin dominsa. Tarihin juyenka ma ya goyi bayan haka.

Sai dai abin da ke kan kanta ba iri ɗaya ba ne, ko da duk an rubuta musu hoton inji mai sheƙi. Akwai na wankin gaggawa. Ana zuba shi cikin tsohon mai da zafinsa, a bar inji a sulo minti 10 zuwa 15, a juye nan take. Ba a tuƙi da shi, ba a taka totur. Na Liqui Moly, kamfanin Jamus, irin wannan ne. Akwai na wankin sannu, wanda kake yawo da shi. Sea Foam yana cikinsu. Siririn mai ne da nafta da wani nau'in sifirit, masu shi kuma sun ce kimanin mililita 30 ga kowace lita ta baƙin mai, a yi tafiyar kilomita 160 zuwa 480 sannan a juye. Injin da ke ɗaukar lita shida na baƙin mai ke nan mililita 180 ya ishe shi, gwangwanin kuwa 473 ne. Na faɗi haka don na san halinmu, in an buɗe sai an ƙarar. Marvel Mystery Oil, wanda ake sayarwa a Amurka tun 1923, shi kuma maye gurbin wani kaso na man yake yi, kamar ɗaya cikin biyar. Wato rage mai ake yi a zuba shi, ba a ɗora shi a kan cikakken mai. Akwai kuma waɗanda aka yi don tafet kawai, ana barin su ciki har juye na gaba. Na Liqui Moly mililita 300 ne ga mai har lita shida.

Sai na ƙarshe, masu kauri kamar danƙo, waɗanda in ka karkata kwalbar sai ka jira. Waɗannan ba wanki suke yi ba. Kauri suke ƙara wa mai, ƙara ta dusashe, ka ɗauka an warke. Ga tafet ɗin da hudarsa ta toshe rabi, mai mai kauri ƙarin wahala ne, musamman da safe. Haka tsallakawa daga siririn mai 5W-30 zuwa mai kauri 20W-50 don a rufe bakin inji. In injinka yana da na'urar sauya taimin da matsin mai, ita ma ba za ta gode maka ba. Kuma kada alƙawuran jikin kwalba su ɗauke ka. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sha kama masu irin waɗannan kaya da tallan da ba su iya kawo hujjarsa ba, na wani magani mai suna Slick 50 a 1997 yana cikin sanannu. Yawancin littattafan mota ma cewa suke kada a ƙara komai cikin mai, domin mai nagari ya riga ya zo da sinadarin wankinsa. A motar da ke samun juye kan lokaci, ina tare da su ɗari bisa ɗari. Taka ba ta samu ba, shi ya sa muke wannan zance.

Ga labarin da na yi maka alƙawari. Ina sabon buɗe gareji, jinina na tafasa, aka kawo min wata a-kori-kura mai ƙas-ƙas. Na buɗe murfin mai na ga laka, har na lakato da yatsa na nuna wa mai motar ina murmushi, na ce yau za mu yi mata wanka. Na zuba na gaggawa, na bar ta a sulo, na juye. Abin da ya fito baƙi ƙirin, har da gudaji. Na sa sabon mai, na tayar, shiru kamar sabuwa. Ya tafi yana sa min albarka. Kwana uku aka jawo ta da igiya. Da na sauke botom filet, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji, rariyar famfo ta toshe ɗam, kamar an shafe ta da kwalta. Maganin ya ɓamɓaro lakar da ta shekara tana zaune lafiya a saman inji, abin da bai fita da juye ba ya ci gaba da gangarowa, rariya ta tare shi, famfo ya rasa abin zuƙa, metal ya narke a kan kiranshaf. Ni na sayi kayan gyaran. Tun ranar, in na ga laka mai kauri, ba na zuba komai. Sai in cire murfin bawul da botom filet in kwashe da hannu, in wanke rariya, sannan a yi maganar magani. Abokinka na biyu irin wannan ya gani.

In naka shafe ne kawai, ga yadda zan yi da motar tawa ce. Zan fara da juye, da man da littafi ya ce, mai kyau, da filta ta ƙwarai. Kada ka raina filta. A cikinta akwai wata roba da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe inji. A filta marar kyau robar tana ƙandarewa, mai ya zurare cikin dare, da safe tafet su tashi a bushe. Bayan juye sai in hau babban titi in yi tafiyar rabin awa ko fi, inji ya yi zafi sosai, juyinsa tsakanin 2,000 da 2,500. Mai mai zafi da matsi yana kora iska daga cikin tafet, sabon sinadarin wanki kuma ya fara aiki. Da yawa a nan suke yin shiru, ba a kai ga kwalba ba.

In bayan mako guda tana nan, sai in zuba na sannu ko na tafet, daidai awon da aka rubuta, iri ɗaya tak. Ba a haɗa biyu. A kwanakin da yake ciki ba zan yi wa motar lodi ba, ba zan ja tirela ba, ba zan yi tsere da kowa ba, saboda man ya ɗan tsinke. Kullum da safe zan zaro geji. Za ka ga man yana saurin yin baƙi, alamar yana kwasowa ke nan. In ya yi baƙi ƙirin kafin kilomitan su cika, ka juye, kada ka jira lissafi. In fitilar mai ta ko ƙyafta, ko allurar matsi ta fara sauka, ka faka a inda kake ka kashe. Bayan an juye, sabuwar filta dole, kuma juyen da zai biyo baya ka yi shi da wuri, kamar a kilomita 1,500, don sauran dattin yana ci gaba da saukowa.

Yadda warakar take zuwa, ba kasafai take zuwa lokaci guda ba. Minti goman nan na safe zai koma biyar, ya koma ɗaya, ta sulo ta riƙa zuwa tana tafiya sannan ta daina. Ka sa agogo ka riƙa rubutawa, don kunne yana son ya ji abin da zuciya ke so. In ta rage daƙiƙa biyu ko uku da safe, musamman bayan mota ta kwana biyu a ajiye, ka ƙyale ta. Tafet ɗin da ya kwana ƙarƙashin bawul buɗaɗɗe ne ya sauke mansa, zai cika da kansa.

Ka sani kuma, wanki yakan tona asiri. Tsohon oyil sil da ya ƙandare, wani lokacin dattin ne ke toshe masa ɓaraka. In ka ga ɗigo a ƙasa bayan wanki, sil ɗin da ma ya mutu, sai a canza shi.

Zagaye biyu nake ba magani. In an yi biyu ƙarar ba ta motsa ba, ko ta ƙaru, ko inji ya fara rawa a sulo, ko fitilar inji ta kama tana nuna wani silinda ba ya cin wuta, an wuce wurin. A cire murfin bawul, a juya inji da hannu, a kalli rokokin. Wadda ba ta sauka kamar 'yan'uwanta, ko sandarta tana wasa sama da ƙasa, ita ce. Ba ka faɗa min sunan motarka ba, amma in tana cikin masu kashe rabin silinda a kan titi don tsimin fetur, irin injin General Motors mai lita 5.3 daga 2007 ko injin Hemi mai lita 5.7, ka ƙara sa ido. Tafet ɗinsu yana da sassa fiye da na gargajiya, ga 'yan makullai a cikin wasu, ga ƙananan boris a cikin tayar. In tayar ta tsaya cak, kankare tozon kamshaf take yi, garin kuma ya bi mai ya zaga ko'ina. Wanda ya kama abin da wuri tafet kawai zai canza. Wanda ya ci gaba da zuba kwalba zai haɗa da kamshaf, wani lokacin har da famfo da metal. A yawancin waɗannan injuna sai an ɗaga tof silinda kafin a kai ga tafet, saboda haka in an buɗe gefe guda a canza na gefen duka.

In ka yanka filta ka auna matsi, rubuto min abin da ka gani, da adadin psi a sulo da kuma a juyi 2,000.

TAMBAYA: Oga, ni tifa nake tuƙawa mai injin gas. Ita ma tana ƙas-ƙas a sama, safe da rana duk ɗaya. Maganin tafet zai yi mata? Daga wani direba.

AMSA: Direba, riƙe kwalbarka. Yawancin manyan injunan gas tafet ɗinsu dunƙulen ƙarfe ne, babu fistin ciki, babu ƙwallo, babu abin da magani zai saki. Ratarsu da noti ake saita ta. Kowane inji da awonsa. Cummins 5.9, misali, milimita 0.25 ne a bawul ɗin shigar iska, 0.51 a na fitar hayaƙi, inji da sanyinsa. In ratar ta buɗe za ka ji ƙara, sai a sa fila geji a mayar da ita, aikin awa ɗaya ko biyu. Amma ka ja kunnen bakanikenka kada ya ɗaure ta tamau don ya burge ka da shiru. Bawul ɗin da ba shi da rata ba ya zama sosai a mazauninsa, ba ya sauke zafinsa, ƙonewa yake yi. A irin injinka 'yar ƙas-ƙas mai tafiya daidai alamar lafiya ce. In an saita ƙarar tana nan, a duba nozul, da wanshar tagulla da ke ƙarƙashinsa. In ta ƙone za ka ga baƙin abu ya taru a gindin nozul ɗin, ka ji yana huci.

TAMBAYA: Na ji tsofaffin makanikai suna wanke inji da kananzir ko gas, wasu da jan man giya. Ba ɗaya ba ne da na kwalba? Daga ɗan koyo.

AMSA: Yaro, maigidana ma ya yi, ni ma na riƙe masa mazurari. Amma ka dubi lamba. A zafin digiri 40, kaurin man gas bai wuce 2 zuwa 4.5 ba a ma'aunin da ake auna kaurin mai, baƙin mai 15W-40 kuwa yana sama da 100. Siririn shimfiɗar mai ce kaɗai ke raba kiranshaf da metal, in ka tsinka ta da gas ko kananzir ƙarfe zai taɓa ƙarfe, injin mai tobo kuwa tobon ne zai fara tafiya. Wani kaso kuma yana maƙalewa a lungunan inji bayan juye, ya lalata sabon man. Jan man giya bai kai su haɗari ba, sai dai sunan da ya yi ya fi aikinsa. Giyabos ba ya ƙona komai, saboda haka ba a cika wa mansa sinadarin wanki kamar baƙin mai ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya ɗan tsinka man, ya sami shiga hudar tafet. Kananzir yana da wurinsa a aikin tafet, amma a cikin kwano a kan benci. In ka ciro su, ka jera su yadda kowanne zai koma raminsa, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa fistin ɗin wannan da jikin wancan, don a masana'anta aka aura kowanne da nasa. Ka shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka zare kilif, domin ɗan ƙwallon nan in ya faɗi ƙasan gareji ba ka ƙara ganinsa.